Akwatin da Ba Shi da Zaure

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Daga Tambuwal, zuwa ga ɗiyata Hajjo a Kebbe.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Ina fatan kin isa lafiya, hanyar nan ba ta karya miki ƙugu ba, kuma kin tarar da Baffanki Sahabi da mutanen gidanshi cikin ƙoshin lafiya. Allah Ya sa kin shiga aikin asibitin nan da ƙafar dama, Ya tsare ki daga sharrin abin ƙi, Ya haɗa ki da abokan aiki masu tsoronShi.

Za ki yi mamakin ganin takarda a hannun direba alhali ga waya. Wayar ce ba na so yanzu. Kuma kin san halina, ban iya ɗaga murya ba. In muna magana kin fi ni sauri, kafin in haɗa kalma biyu kin zuba goma, sai in tsinci kaina ina cewa "to" alhali zuciyata ba ta ce to ba. Takarda ba ta katse mutum. Saboda haka ki sami wuri ki zauna ki karanta har ƙarshe, domin raina a ɓace yake, kuma ba ƙaramin ɓaci ba.

Ban manta alherin da kinka yi ba, kar ki ce na manta. Kaset-kaset ɗin tafsirin kakanki Malam Babba sun daɗe suna lalacewa cikin adaka, zare na liƙewa, gara na cin kwalayensu. Ke kinka zauna kinka juye su ɗaya bayan ɗaya cikin tsohuwar kwamfutar nan mai fasasshen gilashi. Kinka ɗora ta kan kabad ɗin littattafan mahaifinki, kinka ja mata waya zuwa rauta, na'urar nan mai raba waifai, kinka haɗa ta da batirin sola. Ke kin ce sunanta saba, mu munka ce akwati. Duk wanda ya shigo gidan nan da waya, ya kama waifai, sai ya saurari karatu ba tare da ya sayi data ba. Ranar da muryar kakanki ta fara fita daga wayar Malam mahaifinki, sai da ya cire tabarau ya daɗe yana goge shi da bakin riga, ba don ya yi datti ba. Na sa miki albarka ranar, kuma ban janye ta ba.

To amma ki tuna ranar da kinka shigo madafa kinka same ni hannuna cikin ƙullun masa. Kinka ce, "Inna, kawo wayarki in haɗa ta da akwati, duk abin da ke ciki ya riƙa ajiye kanshi can. Ko wayar ta faɗa rijiya ba ki yi asara ba." Na nuna miki ita da haɓa, na ce to. Ban tambaya ba, wannan "duk" ɗin ya haɗa da me? Wa zai iya ji? Na ji kunyar in nuna ban gane ba a gaban ɗiyar da na haifa. Wannan kuskurena ne, kuma na ɗauka. Abin da zan gaya miki a kai shi ne, kar ki taɓa cewa to ga abin da ba ki gane ba, ko da za a yi miki dariya. Wanda ya fi wannan, kar ki karɓi "to" daga bakin wanda kin san bai gane ba. Matan ƙauye za su zo gaban teburinki a asibiti, duk abin da kinka ce za su ce to. Ba yarda ba ce, kunya ce. Ni na sani, na yi ta.

Kuma ke, Hajjo, kin san abin da ke cikin wayata. A ɗakin nan kinka tashi. Kin san tun da na fara karantar da matan aure ranar Asabar, tambayoyin da ba su iya yi cikin jama'a ta saƙon murya suke aiko mini da su, don yawancinsu ba su iya rubutu ba. Tambayar jini, tambayar wanka, tambayar idda, tambayar abin da ke tsakanin mace da mijinta wanda ko uwarta ba ta gaya wa ba. Wata daga Sanyinna, wata daga nan cikin gari, wata daga can wajenku. Wata ma cikin bayi take ɗauka, kina jin tana raɗa, kina jin yaro yana buga mata ƙofa. Sau nawa kina zaune saƙo ya shigo, na ce miki tashi ki duba mini tukunya? Kin zaci tukunyar ce ta dame ni?

Kuskurena na biyu, ba na gogewa. In tambaya ta zo ba na amsawa da ka. Nakan bar ta sai na duba littafi, in ta yi mini wuya in kai wa Malam ba tare da suna ba, sannan in sake saurara don kar in amsa abin da ba a tambaye ni ba. To bayan na amsa, sai in bar saƙon nan zaune. Ba dalili, sakaci ne kawai. Ki koya daga nan: amanar da kinka gama da ita, ki mayar ko ki binne. Abin da babu shi, ba a sace shi.

Yanzu ga abin da ya faru, tun da a waya ba ki bari na kai ƙarshe ba.

Bayan tafiyarki mura ta kama Malam, muryarshi ta dishe. Magidantan da ke zuwa karatu bayan la'asar sunka taru a zaure kamar kullum, sai ya ce tun da ba ya iya magana, a sa musu tafsirin Malam Babba. Mu'azu maɗinki ya haɗa wayarshi da sifika, ya kunna. Ni ina tsakar gida ina kwashe shanya, ina jin muryar surukina tana tsallako katanga, har ina bin shi da salati. Ya kai ƙarshe, ya yi addu'a, zaure ya amsa da amin. Sai wata murya ta fito, ta mace, ƙasa-ƙasa, amma sifika ta ɗaga ta har makwabta:

"Malama, salamu alaikum. Don Allah don Annabi, kar kowa ya ji wagga magana."

Hajjo, zanen da ke hannuna ban san sa'ad da ya faɗi ba. Na san muryar. Na san abin da ke biye. Na nufi zaure ba mayafi, na tsaya bakin ƙofa, ba ni da ikon shiga cikin maza, ba ni da muryar da zan yi ihu. Mu'azu ya ruɗe, yana ta danne-danne, maimakon ya kashe sai ya ƙara sauti. Kafin mahaifinki ya rarrafa ya kife sifikar, baiwar Allah nan ta riga ta faɗi abin da ta faɗa. Tambaya ce a kan wata kalma da mijinta ya furta mata cikin fushi, yana kuma musun ya furta, ita ko tana tsoron zaman da take yi. Iyakar abin da zan rubuta ke nan, ko da yake yanzu rabin gari sun fi ni iya ba da labarin. Kuma cikin waɗanda ke zaune kan tabarma har da yayan mijin.

Ashe akwatinki bai san tafsiri daban, kukan mace daban ba. Duk abin da ke murya wuri ɗaya yake tara shi, in wannan ya ƙare ya wuce na gaba, kamar mai zuba tsaba da tsakuwa cikin buhu guda.

Yau matar nan tana gidan ubanta a Sanyinna, ita da 'ya'yanta. Na hau kabu-kabu na bi ta can. Na tarar da ita bayan ɗaki tana wanke-wanke. Na durƙusa, ni da na girme ta nesa ba kusa ba, na ce ta yafe mini. Ta ce, "Tashi Malama, wallahi ban zarge ki ba. Ni dai cewa na yi in ji hukunci tukuna, in san yadda zan ɓullo wa abin a hankali, in gaya wa babana da bakina. Yanzu a kasuwa ya ji." Sai ta ci gaba da cuɗa kwano. Da ta zage ni da na fi samun sauƙi.

Wataƙila maganar nan dole ne wata rana ta fito, shari'a ba ta ɓoyuwa har abada. Amma ita ke da ikon zaɓen ranar da bakin da za ta fito. Mu munka ƙwace mata.

Sai na kira ki. Kin tuna abin da kinka ce mini? Ni ban manta ba. Kinka ce, "Ayya Inna, ai ɗan kuskuren saiti ne, yanzun nan zan gyara in na zo." Sannan kinka ƙara da cewa, "Kuma ai babu suna a jiki."

Babu suna a jiki! Hajjo, a garin nan? Garin da in mace ta yi tari bayan katanga za a ce wance ce mura ta kama? Muryar mutum ai ta fi sunanshi zama suna. Suna ana tarayya a kanshi, A'i nawa ke unguwar nan? Amma murya ɗaya ce tak. Kuma ɗan kuskure? Mace na zaune gidan ubanta da 'ya'ya, ke kina kiran abin ɗan kuskure, don a wurinki danna wuri biyu ne. Ƙanƙantar ashana ba ta sa gobara ta zama ƙarama.

Amma ba wannan ya fi ƙona mini rai ba. Bayan an watse, Malam ya zauna yana bin abin da ke cikin akwatin ta wayarshi, don ya ga iyakar ɓarnar. Komai a buɗe. Saƙonnin mata a buɗe. Hotunan bikin yayarki, mata cikin gida ba lulluɓi suna rawa, a buɗe. Duk wanda ya karanta lambar sirrin waifai da kinka manna a bangon zaure, ya shiga har ƙuryar ɗakina. Sai ya zo kan wata folda guda, ta ƙi buɗuwa, ta ce sai an sa mabuɗi. Ya kira ni ya nuna mini. Sunanki ne a kanta.

Ashe kin iya kulle.

Da ban ga wannan ba, da na ce yarinya ce, iliminta bai kai nan ba. Amma kin san ana rabawa, kin san ana kullewa, kin kulle naki. Ban san abin da ke ciki ba, ban kuma tambaya ba, hakkinki ne. To su matan nan ba su da hakkin? Na san abin da za ki ce, kin bari ne sai kin dawo hutu ki tsara sauran. Naki bai jira hutu ba.

Bari in gaya miki wane ne mutumin da kinka juye muryarshi. Shekarun da kuɗin fetur sunka shigo, kowane alhaji rediyo da rikoda yake saukowa da su daga jirgi. Ina ƙarama lokacin, gidanmu na kallon wannan gidan, nakan biyo yayyena mu leƙa. Mutane na ɗaukar duk abin da sunka ga dama, kukan jariri, faɗan makwabta, a kunna a yi ta dariya. Malam Babba kuwa, kafin ya danna jan maɓallin nan, sai ya aika cikin gida a ce, "Za a ɗauka." Masu daka su dakata, mai magana ta san da ita. Kakarki mai sunanki ta ba ni labari bayan na zo gidan, wata rana ya gama karatun yini guda, ya mayar ya saurara, sai ya ji can ƙasa muryar wata makwabciya tana yi wa mijinta ƙorafi ta bayan katanga. Da ƙyar ake ji. Ya goge kaset ɗin gaba ɗaya. Almajiranshi manya sunka ce, "Allah gafarta Malam, ai ba mai lura." Ya ce, "Ni na lura." Washegari ya sake karatun daga farko. Shi bai yi makarantar kwamfuta ba. Muryar wannan mutumin kinka ɗauka kinka jera ta kusa da asirin matan mutane.

Sai kuskurena na uku, wanda na yi da fushi. Ranar da abin ya faru, bayan Malam ya gama dubawa, na shiga ɗakin littattafai na fizge duk wayar wutar da hannuna ya kai gare ta, har da ta firij, sai da safe munka ga ƙanƙarar zoɓo ta narke. Akwatin ya yi wani ƙara ya mutu. Daga baya na tuna kin taɓa cewa kar a kashe shi da ƙarfi, yana iya lalata abin da ke ciki. Yanzu ban sani ba ko na haɗa da tafsirin kakanki. Ina ganin mahaifinki bayan sallar asuba yana ɗaukar waya yana ajiyewa. In na ɓata, alhakin yana wuyana. Fushi ko a kan gaskiya yake, ba ya zaɓen abin da zai fasa. In ranki ya ɓaci a wurin aiki, ki ɗauke hannunki daga kan na'ura tukuna, ki yi alwala.

Kuma fizge wayar bai mayar da abin da ya riga ya fita ba. Magana zarar bunu ce. Malam ya bi ɗalibanshi ɗaya-ɗaya, duk wanda ya kwafi wani abu ya goge a gabanshi. Sai Mu'azu ya zo da kanshi, idonshi ja, ya ce shi tun kafin wannan rana ya kwashe muryoyin gaba ɗaya ya zuba a memori, a zatonshi duk karatu ne. Ya kai wa wani mai turi, irin masu zuba wa mutane waƙa da wa'azi a waya, da ke rumfar cajin waya a kasuwar Kebbe, ya ce ya riƙa tura wa mutanen ƙauye fi sabilillahi, tun da can sabis ba ya kai musu. Lada yake nema, bawan Allah. Ya kira mai turin ya ce ya dakata, shi kuma ya ce to. Na riga na gaya miki darajar "to".

Saboda haka ga abin da nake so ki yi, kuma ba shawara nake ba ki ba.

Ranar da takardar nan ta same ki, ki nuna wa Baffanki wannan wurin na takardar kaɗai, ya raka ki rumfar. Mu'azu ya ce tana kusa da masu sayar da buhu, Baffanki zai gane. Kar ki aika kowa. Ki tsaya da ƙafarki har sai ya goge a gabanki, ki duba da kanki ko ya ajiye wani wuri, ke kin san inda ake ɓoyewa. Ki tambaye shi wa da wa ya tura wa, in akwai, ku bi su ko a ƙauye ne. Kar ki kunna ko ɗaya don ki tabbatar. Kar ki yi mishi faɗa, ba shi ya buɗe ƙofar ba. In ya tambaya me ke ciki, ki ce amanar mutane ce ta shiga bisa kuskuren gidanmu. Ki ce gidanmu, kar ki ce na'ura.

Sannan ranar hutunki ta farko ki zo gida ki tayar da akwatin. Ba na cewa a jefar da shi, karatun da ke ciki ya fi ni da ke. Amma ki gina shi yadda ake gina gida. Wane magini ne zai yi gida ƙofar titi ta buɗe kai tsaye cikin ɗakin matar aure? A yi zaure: baƙo ya shigo ya sami tafsiri kaɗai, ya saurara, ba ya iya gogewa, ba ya iya ƙara komai, ba ya ko ganin cewa akwai wata ƙofa. A yi cikin gida da mabuɗinshi daban, hotunan biki su koma can. Takardar nan ta bangon zaure a cire ta, a canza lambar. Wayata kuwa ki raba ta da akwatin kwata-kwata, ki share duk abin da ta taɓa zubawa. In ta faɗa rijiya ta faɗa, asirin mutane ya fi aminci a ƙasan rijiya.

Kuma wannan karon ba a madafa za ki same ni ba. Zan wanke hannu in zauna kusa da ke, ki nuna mini kowace ƙofa da wanda ke da mabuɗinta, da Hausa, a hankali. In ban gane ba ki sake. In kin gama, mu karɓi wayar wani daga zaure mu gwada mu gani da idonmu iya inda take kaiwa. Kar ki ce mini "ya yi." Ki nuna mini ya ƙi buɗuwa.

Daga nan mu tafi Sanyinna tare. In ta yarda ta gan ki, ki gaishe ta, ki ce ke ce. Kar ki yi mata bayanin saiti.

Ɗiyata, an ce a asibitin ke za ki riƙa shigar da bayanan marasa lafiya cikin kwamfuta. Wance ta yi ɓari, wane yana da ciwon da yake ɓoyewa, duk za su bi ta yatsunki. Ciki ba don tuwo kaɗai anka yi shi ba. Kafin ki haɗa kowace na'ura da wata, ki tsaya ki tambayi kanki wa zai gani, ki kuma ɗauka mutumin da mai maganar ta fi tsoro shi ne zaune a bakin ƙofa. Kulle na mutane ya riga naki.

Asabar ɗin nan da ta wuce mata sun zo karatu, ba su ragu ba, har da waɗanda sunka daɗe ba su zo ba, na san kallo ya kawo su. Munka yi darasi. Da na ce akwai mai tambaya, kowa ta dubi tabarma. Wayata kuwa tun ranar nan ko saƙo ɗaya bai shigo ba, sai na masu gaisuwar Juma'a. Ba wai jinin ya daina zuwa ba ne, ko mazan sun daina furta abin da suke furtawa. Suna can suna sallah cikin shakka, ba su da wadda za su tambaya.

Bayan an tashi ina naɗe tabarmi, sai wata ta dawo, wai ta manta takalmin ɗanta. Ta tsaya bakin ƙofa tana murza gefen hijabi. Ba ni take kallo ba, wayata take kallo a kan gado. Na ɗauke ta, na fita da ita madafa, na sa cikin tukunya na rufe da murfi, na dawo na nuna mata tafin hannuwana. Sannan ta zauna.

Allah Ya tsare mini ke a inda kike, Ya tsare idonki da harshenki da yatsunki. Ya rufa miki asiri duniya da lahira, Ya sa ki zama mai rufa na wasu. Ya kai ki kasuwar nan kafin wani ya riga ki. Ki gaida Baffanki da iyalinshi. Mahaifinki yana sa miki albarka, muryarshi ta fara dawowa.

Wassalamu alaikum.

Ni ce mahaifiyarki.